Faifan Kankaren Auta

Ranar da Auta ta shigo gidan bulonmu da takarda a hannu ta ce za ta yi faifai na kankare wanda zai tashi sama, sai da Baba ya kashe injin buga bulo don ya ji da kyau. Ta maimaita. Ya dube ni, na dube shi. Shekara talatin da 'yan kai yana zuba kankare, kuma abin da ya sani game da shi shi ne in ka ajiye shi a wuri, to ya zauna ke nan. Ya tambaye ta ko malaman nasu lafiyarsu ƙalau.

Auta ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, kuma ita kaɗai ce a cikinmu ta yi nisa da karatu har ta kai shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha, sashen gine-gine. Ni tun daga aji uku na sakandare na ajiye jaka. Na taɓa walda, na taɓa gyaran waya, na bi motar yashi, daga baya na dawo wurin Baba ina tura baro.

Ba don sha'awa ta shiga gasar ba. Zangon da ya wuce ta yi wata biyu a kwance ba lafiya, aikin hannu na darasin kankare ya wuce ta. Malamin darasin ya ce shi ba ya ƙirƙiro maki daga iska. Hanya ɗaya ya bar mata: ta shiga gasar jifa da faifan kankare da ɗalibai ke yi duk shekara. In faifanta ya tsallake sikeli, aka jefa shi sau uku kowane jifa ya wuce layin mita goma sha biyar, sannan alƙali ya ɗaga shi ya taso a haɗe, zai sa mata hannu a takarda. Bai ce sai ta zo ta ɗaya ba. Amma in ɗaya daga ciki ya kuskure, za ta maimaita shekara, 'yan ajinsu su fita su bar ta.

Dokar faifan ba ta da yawa. Faɗinsa kada ya gaza santimita ashirin da biyar, kada a sa ƙarfe a ciki, nauyinsa kuma kada ya wuce kilo ɗaya.

Kafin ta dawo makaranta kowa ya riga ya kama ƙungiya, sai mutum biyu da suka rage. Ɗaya Dogo, ɗan wasan guje-guje da tsalle-tsalle, wanda bai damu da siminti ba, shi dai a miƙa masa abu ya wurga ya karɓi kofin nisa. Ɗayan Tabarau, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara da bayanin yadda agogo ke aiki. Su ukun suka tare a gidan bulonmu kowace yamma, don ɗakin gwajin kwalejin layi ake bi.

Ni na yi musu mazubi da tsohon murfin tukunya da farantin shayi. Faifan farko da yashi da tsakuwar Baba muka zuba shi, ya fito kilo uku. Dogo ya juya ya sake shi, bai tashi ko'ina ba, ya tafi kai tsaye ya rushe sabon bulo goma sha ɗaya. Baba bai yi faɗa ba, kujerarsa kawai ya ɗauka ya koma bayan tankin ruwa. Na biyu muka rage masa kauri, ya yi kyau a ido, yana taɓa ƙasa ya watse kamar biskit. Na uku da na huɗu haka. Tabarau ya cika shafi shida da lissafi ya gano abin da duk muka gani da idonmu, cewa tsakuwa ta yi nauyi.

A bakin famfon gida Auta ta samo mafita. Mama na zaune tana goge kaushin ƙafa da dutsen nan mai ramuka-ramuka, dutsen ya suɓuce ya faɗa bokiti, bai nutse ba. Auta ta tsame shi ta tafi da shi, ta bar Mama da ƙafa ɗaya a goge. Washegari muka zaga kasuwa muka kwashe duk dutsen kaushin da muka gani, har wata mai sayarwa ta tambaye ni wai ƙafa nawa ce a gidanmu. Na zuba su a buhu na farfasa da guduma, Auta ta tankaɗe ta raba manya da ƙanana. A tsakiyar faifan ta shimfiɗa yankin ragar sauro don ya riƙe shi in ya tsage. Bakin ta bar shi da kauri, cikin kuma ta rarake shi ya koma milimita shida.

Baba yana ta cewa wannan wasan yara ne, amma ba ya nisa. Wani lokaci sai ka ji shi a bayanka yana cewa kwaɓin ya yi ruwa, ko a ƙara buga gefen mazubin iska ta fita. Shi a wurinsa laifi ɗaya ne ba ya yafuwa a sana'ar nan, wato a bar sabon siminti ya bushe da ƙishi. Safe da yamma yana riƙe da tiyo yana bin layin bulo, ko da zazzaɓi yake. Maƙwabcinmu ya taɓa yin yaɓe ya yi tafiya, Baba ya riƙa miƙa tiyo ta kan katanga yana jiƙa masa har kwana bakwai.

Faifai na tara ya sha jifa biyar bai ce komai ba, sai dai ya ɗara kilo da kaɗan. Na goma shi ne na gasa. Kwana goma sha huɗu ya yi a nutse cikin duro, sannan Auta ta tsame shi ta ɗora a kan katako a rana. Ta yi mini bayani cewa dutsen kaushi shan ruwa yake kamar soso, don haka sai ya bushe ƙayau kafin ya koma nauyinsa na gaskiya. Bayan kwana huɗu ta auna shi a kwaleji, ya ba ta giram ɗari tara da sittin. Ta dawo da shi tana murna har da rawar kai. Saura kwana uku gasa, kuma tana da jarrabawa, dole ta koma ɗakin kwanan ɗalibai. Baba ba ya nan ran nan, ya je duba wani gini.

"Yaya, abu ɗaya na bar maka," ta ce. "Kada ruwa ya taɓa shi."

Na ce ta tafi abinta, ai ba jariri ta bar mini ba.

Da yammar ranar wani abokina direban tifa ya kira ni, yaron motarsa ya gudu, ga tafiyar kwana biyu ɗaukar yashi daga wani kogi da ban taɓa gani ba. Ni kuma ba a ce mini ga sabuwar hanya in zauna. Na jawo katakon na kai shi ƙarƙashin bakin rumfa inda ko an yi ruwan sama ba zai same shi ba, a ƙarshen layin bulon da aka buga ran nan. Na ga na gama nawa. Ban faɗa wa Baba komai ba, don bai zo mini a rai cewa akwai abin faɗa ba.

Ana gobe gasa na dawo, a gajiye liƙis. Da safe wajen ƙarfe takwas na je na ɗauko faifan. Samansa a bushe yake, amma na ji shi da sanyi a tafin hannu. Na ce sanyin safiya ne, na naɗe shi a bargo na sa a kwali. Baba ya fito cikin kayansa masu kyau, da takalmin da ba ya sawa sai in za shi banki, ya ce wa ma'aikata yau ba aiki. Ban taɓa ganin ya rufe gidan bulo a ranar aiki ba.

A babban ɗakin koyon aiki na kwalejin ake awo. Ƙungiya ashirin da wani abu, kowacce da faifanta, wasu sun sha fenti har da zanen fukafukai. Malamin na zaune a bayan tebur da sikeli mai lantarki a gabansa da agogo a bango a bayansa. Da layi ya zo kanmu Auta ta buɗe bargon, ya sa tef ya auna faɗi ya gyaɗa kai, ya zagaya faifan da maganaɗisu ya gyaɗa kai, sannan ya ɗora shi a sikeli.

Giram dubu ɗaya da saba'in.

Tabarau ya ce sikelin ne. Malam ya sauke faifan ya ɗora dutsen awo na kilo ɗaya, sikeli ya nuna kilo ɗaya cif. Ya mayar da faifan, ya sake nuna abin da ya nuna. Auta ta ɗauke shi ta manna a kumatunta. Tana jin sanyin ta juyo ta zuba mini ido, ni kuma na rantse cewa a ƙarƙashin rumfa na bar shi, kuma ba a yi ruwan sama ba.

Baba yana tsaye a bayanmu bai fahimci abin da ake ciki ba, ya ɗauka ingancin aikin ake tuhuma. Ya matso gaban tebur ya gyara tsayuwa.

"Malam, in ƙwari kake nema kada ka ji komai," ya ce. "Yaran nan sun yar da shi a katako suka watse. Ni na kula da shi. Safe da yamma, har yau da asuba, bai taɓa kwana da ƙishi ba."

Wani ɗalibi a layin baya ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Baba ya waiwaya yana murmushi, yana zaton da shi ake dariyar. Sai da ya ga fuskar Auta murmushin ya tafi. A hankali, kamar mai gaya wa mara lafiya sakamakon gwaji, ta yi masa bayanin abin da ruwan ya yi. Ya cire hula ya sake sawa. Ni kuwa na san rabin laifin nawa ne, ko ma fiye.

Malam ya ce doka ta ba kowace ƙungiya damar dawowa sikeli sau ɗaya, kuma ƙarfe goma sha biyu daidai zai rufe. Agogon bango ya nuna goma saura kwata. Auta ta naɗe faifan ta fita, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi wa kowa faɗa ba. Da faɗan ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

A bayan ɗakin muka tsaya. Tabarau ya ce a sa shi a tandun ɗakin gwaji a ƙure wuta, minti ashirin ya isa. Auta ta ce ruwan da ke ciki zai zama tururi ya nemi hanyar fita, ya fasa shi tun kafin a jefa. Dogo ya ce a samo injin gurza a zaftare bakin. Ta ce bakin ne zai fara dukan ƙasa, ba mai taɓa shi. Ni kuwa kunnena na kan ƙarar janaretan kwalejin da ke can gefe a cikin kejinsa. Na taɓa aiki kusa da irinsa, na san iskar da yake hurowa ta gefe ɗumi gare ta kuma ba ta tsayawa. Muka je Auta ta tara bayan hannunta, ta ja baya taku biyu inda ba ya ƙuna, ta ce nan. Muka jingine faifan a kan duwatsu uku, cikinsa na kallon iskar.

Saura yadda za mu san nauyinsa, tunda awo ɗaya ya rage mana a wurin Malam. Na ruga bakin ƙofar kwaleji inda masu sayar da kaya ke zama, na sami wata mata mai busasshen kifi da ɗan sikeli mai batir. Ta ce ba ta ba da aron sikelinta ko ga ɗan da ta haifa. Na gaya mata komai a tsaye, har da wata biyun jinyar Auta. Ta bar wa maƙwabciyarta tiren kifin, ta rungumo sikelin ta biyo ni da kanta.

Da muka ɗora, nata ya nuna fiye da na Malam da giram arba'in. Tabarau ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi, ta ce sikelinta shekara shida ba wanda ya taɓa kawo ƙara, na kwalejin ne ke da matsala. Auta ta ce ba komai Mama, mun gode, ta sa Tabarau ya riƙa cire arba'in daga duk abin da ya gani.

Muka zauna muna gadin dutse. Duk minti goma Auta ta juya shi, Dogo na yi masa fifita da kwali don ya rasa abin yi. Baba ya zauna can nesa a bakin kwalbati shi kaɗai, hannu biyu a tsakanin gwiwa. Ƙarfe goma sha ɗaya saura minti goma aka auna, giram ashirin da takwas kaɗai suka tafi. Kuma raguwar tana ja da baya, don ruwan sama-sama ne ya fita, na can ciki bai da gaggawa. Tabarau ya buga lissafi ya ce a haka sai ƙarfe biyu.

Auta ta ɗauki faifan ta duba cikinsa. Sannan ta ce za a kankare cikin. Daga tsakiya, ban da baki, kuma a tsaya kafin a kai ga raga.

Na aro magagari a ɗakin aikin na fara. Ban yi minti biyu ba na ga ina yin rami a gefe ɗaya, don hannuna ya saba da ƙarfe, ba ya jin inda ya kamata ya sassauta. Sai na ga inuwa a kaina. Baba ne. Ya tuɓe rigarsa mai kyau ya ninke ya miƙa wa Dogo, ya rage daga shi sai singileti. Ya ture magagarin da ƙafa, ya duba ƙasa ya tsinci guntun bulo mai lafiyayyen gefe, ya goga shi a siminti har ya yi sumul.

"Matsa," ya ce mini.

Ya zauna dirshan a cikin iskar janaretan, ya ɗora faifan a cinya a kan bargo, don bushewa da gurza su tafi tare. Ya shiga zagayawa da guntun bulon kamar yadda yake goge yaɓe, daga tsakiya zuwa waje, ba sauri ba tsayawa. Garin na zuba a wandonsa mai kyau. Zufa na bin gemunsa, sai ya kawar da kai gefe don kada ta ɗiga a faifan. Can sai ya tsaya, ya ciro makullin gidan bulo daga aljihu, ya kai faifan kusa da kunne saboda ƙarar injin, ya ƙwanƙwasa nan da can. Inda ya ji sautin ya yi kauri ya koma ya goga, inda ya ji ya yi siriri ya tsallake.

Mai kifi ce ke karanta sikelin, don ta ce ba mai danna mata shi. Sha ɗaya da kwata, saura giram talatin. Sha ɗaya da rabi, saura goma sha biyu. Ta manta da batun kasuwarta, har tana ce wa Baba sannu maigida, a bi a hankali. Sha biyu saura kwata ta karanta, Tabarau ya cire arba'in ɗinsa ya ce saura huɗu.

Baba ya ƙwanƙwasa tsakiya, ya zagaya gefe, ya sake dawowa tsakiya. Ya ajiye guntun bulon a ƙasa.

"Ya isa."

"Baba, giram huɗu ne."

"Na ji."

"Ko cokalin shayi bai cika ba. In na je da shi haka ba su ma bari a jefa."

"In na ƙara, za su bari a jefa, ki je ki tsinto shi da tsintsiya." Ya miƙa mata faifan da hannu biyu. "Ni na ɓata miki sau ɗaya yau, Auta. Ga shi nan, in kin ce in goga sai in goga. Amma kunnena ya ce a'a."

Dogo ya ce a goga kawai. Tabarau ya ce a lissafe akwai sauran wuri, sai dai bai faɗa da ƙarfi ba. Auta ta karɓi makullin ta ƙwanƙwasa da kanta, na tabbata ba ta ji abin da Baba ya ji ba. Ta dubi guntun bulon a ƙasa, ta dubi Baba. Sai ta hure ƙurar cikin faifan, ta sa gefen gyalenta ta share kowane lungu, ta mayar da shi gaban iskar. Ta ce wa Dogo ya je ya kama layi, duk wanda ya zo a bayansa ya ba shi hanya ya wuce, ya kira ta in ya rage shi kaɗai.

Ƙungiya biyar ne suka dawo awo na biyu, Dogo ya riƙa yi musu bismillah ɗaya bayan ɗaya kamar mai masauki. Saura minti uku ya leƙo ya ɗaga hannu. Auta ta ɗauki faifan ta tafi da shi a buɗe a rana, tana tafiya kamar ba ta so. Malam ya dubi agogo ya dube ta, ya nuna sikeli da biro. Lambobin suka yi rawa suka tsaya a ɗari tara da casa'in da bakwai. Ya rubuta, ya ce su je fili. Mai kifi ta ce ai dama ta faɗa, sikelin kwalejin nan ba shi da tabbas, ta rungumi nata ta koma.

Ƙarfe biyu aka fara jifa a filin ƙwallo. An ja layin tsayawa da farin alli, an ja na mita goma sha biyar, an kewaye da igiya. Ni da Baba muna bayan igiyar don ba ɗalibai ba ne mu. Faifai da yawa muka ga sun tashi da kyau sun sauka gutsi-gutsi, ana ta shewa. Wata ƙungiya ta kai mita talatin da takwas, nasu kuma bai fashe ba.

Da aka kira su Auta, Dogo ya karɓi faifan ya juya sau biyu ya sake shi da dukkan ƙarfinsa. Ban taɓa zaton abin da na farfasa da guduma a cikin buhu zai yi irin wannan tashin ba. Ya yi sama yana juyi, ya karkata, ya sauko da baki ya daki ƙasa, ya yi tsalle ɗaya ya kife. Mita talatin da ɗaya. Fili ya ɗauki tafi. Amma da aka dawo da shi na ga Auta ta ɗaga shi a rana tana bin wani abu da yatsa. Ko daga inda muke ana ganin tsagar, ta taso daga baki ta nufi tsakiya.

Suna kusa da igiya, don haka mun ji su. Dogo ya ce yanzu ya gane hannun faifan, jifa na biyu zai wuce talatin da takwas, kofin nan nasu ne. Auta ta ce wani jifa irin wannan ɗaya zai raba shi biyu. Ya ce shi ma da sunansa a ƙungiyar, wata biyu yana zuwa shan ƙurar siminti ba don ya zo na bakwai ba. Ta roƙe shi ya jefa ƙasa-ƙasa, ya wuce layi kawai. Ya ce hannunsa bai iya ƙaramin jifa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

"To ba ni," ta ce.

"Ke? Sha biyar fa, ba biyar ba."

"Kai in ka rasa kofi gobe ka manta. Ni shekara ce."

Ya tsaya riƙe da faifan. Alƙali ya hura usur na gargaɗi. Tabarau, wanda duk ranar bai faɗi magana gajera ba, ya ce, "Ba ta." Dogo ya ja tsaki, ya miƙa mata, sannan ya tsaya a bayanta ya gyara mata kafaɗa ya nuna mata inda za ta sa ƙafar hagu. Ya ce kada ta ɗaga shi sama, ta sake shi a kwance daga ƙugu, kuma ta riƙe ta gefen da ba tsaga.

Auta ba ta da jiki, in ta ɗauki bulo ɗaya sai ta huta. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta ja numfashi, ta sake shi. Ya tafi ƙasa-ƙasa yana rawa, ya faɗi a kan cikinsa daidai wurin layin. Sai da alƙalai biyu suka durƙusa da tef suna neman inda ya fara taɓa ciyawa. Ɗaya ya ɗaga tuta. Ya wuce da abin da bai kai taƙi ɗaya ba. Tsagar kuwa ta ratsa tsakiya ta kusa ɗaya bakin.

A jifa na uku iska ta taso tana bugo fuskarta. Aka hura usur, ba ta motsa ba. Tana da minti ɗaya, ta tsaya tana kallon tutar kusurwar fili. Mutane suka fara kiran ta jefa mana. Baba ya damƙe igiyar har tana rawa. Ni ina ƙirga daƙiƙu a zuci, na kai arba'in da wani abu, sai tutar ta kwanta. Ta tako, ta juya ƙugu, ta sake shi da wani ɗan nishi da na ji har inda nake, ta faɗi a kan gwiwa ɗaya amma ba ta taka layi ba. Faifan ya tafi a kwance sumul, ya wuce farin allin da taku biyu masu kyau, ya sauka ya ja ciki a ciyawa ya tsaya.

Ba wanda ya tafa tukuna. Alƙali ya taka ya je ya sa yatsu biyu a bakinsa ya ɗaga. Ya taso duka. Ya girgiza shi sau ɗaya yadda doka ta ce, wani ɗan ɓarɓashi ya zubo, sauran ya tsaya a haɗe. Ya ɗaga tuta.

Na tara suka zo a nisa, ko na bakwan da Dogo ke gudu ba su samu ba. Auta ba ta tsaya jin sanarwa ba, ta zaro takardarta daga jaka ta bi Malam har bakin motarsa. Ya shimfiɗa ta a kan bonet ya karanta tun daga sama kamar bai taɓa ganinta ba, ya sa hannu ya buga kwanan wata. Ya ce mata ranar Litinin ta kawo rahoton aikin a rubuce, da dukkan awo, har da abin da ya faru da safe.

Ni aka bar wa mayar da faifan cikin kwali. Ina ɗaga shi daga bargo ya naɗe biyu a hannuna kamar littafi, yana reto a jikin ragar. Na tsaya riƙe da shi ban san inda zan sa kaina ba. Auta ta fara duba takardar hannunta, ta ninke ta huɗu ta tura can ƙasan jaka ta ja zif. Sannan ta durƙusa ta leƙa bakin karayar, ta ce Tabarau ya ba ta rula. Ta auna kaurin tsakiya, ta auna hagu, ta auna dama. Milimita huɗu da rabi a duk wuraren uku, kamar da inji Baba ya goge shi.

Ta ɗago ta dubi Baba, shi kuma yana can yana kakkaɓe wandonsa. Ta ce in riƙe shi da kyau kada ya ƙarasa rabuwa, ta ciro biro ta fara rubuta awon a bayan kwalin.